Rangwame kan hajar da babu: ina kason lafiyar ƙwaƙwalwa a Malbaza, Ƙonni da Illela?



Tun ranar 1 ga watan Satumba na 2024 gwamnati ta rage kuɗin ganin likita da rabi a asibitocinta, ta kuma ce haihuwa kyauta ce. Mataki ne mai kyau, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa bakin tagar biyan kuɗi da maras lafiya a kafaɗa ya san darajarsa. Sai dai akwai wani rukunin marasa lafiya da wanga rangwame bai taɓa ba ko kaɗan. Ai rangwame sai kan hajar da ke bisa tebur. In ka shiga CSI ɗin garinku da ƙanenka da ya kwana goma bai runtsa ba, yana jin muryoyin da ba wanda ke ji sai shi, mi za a rage maka? Majo bai samu horo kan ciwon ba, maganin ba ya cikin kabad. Rabin babu, babu ne.

Abin da nake so mu tattauna yau ke nan: kuɗin gwamnati don kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a cikin gari, kusa da gida. Zan tsaya kan yankinmu, gundumomin Malbaza da Birnin Ƙonni da Illela, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma na tabbata ɗan Madawa ko ɗan Tasawa da ya karanta zai ga garinsu a ciki.

Yau in ciwon ya kama wani naka a Dogarawa ko Tsarnawa ko Badagishiri, hanyoyin asibiti uku ne gabanka. Ko ka haura Tawa, babban asibitin jaha, tafiyar fiye da kilomita 100 daga Malbaza. Ko ka miƙe Yamai, fiye da kilomita 400, ka nemi sashen nan na babban asibitin ƙasa da kowa ya sani da suna Pavillon E, wanda mu matasa munka mayar abin tsokana a fada. Ko kuma ka tsallaka iyaka ta Illelar Amarawa, ka bi hanyar Sakkwato zuwa asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayyar Najeriya da ke Kware. Mutanenmu da yawa ta ukun suke bi, don ta fi kusa kuma Hausa ake yi. To ku tuna daga ƙarshen Yulin 2023 har watan Maris na 2024 iyakar a rufe take. Wanda ke da ranar komawa ganin likita a Kware cikin watannin nan, ko dai ya bi ta daji da moto, ko ya haƙura da magani. An yi ta lissafin asarar da ƴan kasuwar albasa sunka yi a lokacin, kuma gaskiya sun yi asara. Ban ji wanda ya lissafa marasa lafiyar da ciwonsu ya tashi ba.

Ina da ɗan baffa, sa'ana ne, tare munka yi lakwal kafin ya bari ya tafi bida. Ya yi shekara biyu a arewa, ya dawo cikin waɗanda anka kwaso daga Aljeriya anka zubar kusa da Asamaka. Watannin farko shiru kawai yake yi. Daga baya ya daina barci, ya fara cewa ana bin sa, ya fasa ƙofar ɗakin innarsa da dare. An yi rubutu, an yi ruƙiyya, an yi hayaƙi. Da abin ya ƙi, baffa ya sayar da albasar da ya ajiye yana jiran ta yi kuɗi, anka ɗauki shatar mota, don ba direban da zai yarda ya sa shi cikin fasinja. Mutum biyu sunka raka shi. Cikin sati uku da fara magani ya dawo yana gaisawa da mutane, yana cin abinci, har ya koma garka. Sai maganin wata uku ya ƙare. A CSI ɗin da ke kusa da su babu shi, kuma ba wanda zai iya sabunta masa ordonansi. Komawa wurin likita na nufin wata shatar, wasu kwanakin, wani buhun albasar. Baffa ya ce a jira kaka. Kafin kaka ciwon ya dawo, kuma wannan karon sarƙa anka sa masa a ƙafa, anka ɗaura a turken da ake ɗaure ɗan maraƙi.

Na san abin da wasunku za su rubuta a ƙasa: jahilci ne, zalunci ne. Ku yi a hankali. Baffana ba azzalumi ba ne. Mutum ne mai shekara sittin da wani abu, da ƙananan jikoki a tsakar gida da rijiya a bayan gida. Ya gwada asibiti, ya ga amfaninta da idonsa, aljihunsa ne ya kasa. Sarƙar nan da ya saya a kasuwa ita ce abin da ƙarfinsa ya kai. Kuɗin da ba a rubuta cikin kasafin ƙasa ba, wani ke biyansa, kuma a gidanmu baffa ne ya biya da albasarsa, ɗansa ya biya da ƙafarsa.

Ba mu kaɗai ba ne. A 2020 ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto inda ta samu ana ɗaure masu taɓin hankali da sarƙa a ƙasashe 60. Kuma kun tuna Satumbar 2019, da ƴan sanda sunka fito da mutum fiye da 300 daga wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, wasu da mari a ƙafa. An yi ta Allah wadai a Facebook, an rufe gidaje. Tambayar da ba a amsa ba ita ce, iyayen da sunka kai ƴaƴansu can, ina za su kai su yanzu? Gidan mari na cika ne a inda ƙofar likita ke rufe.

Kuma mu daina ɗauka cewa zancen na mutumin da ke yawo tsirara a tasha ne kawai. Shi ne ake gani, amma shi ne kaɗan daga ciki. Akwai yarinyar da farfaɗiya ta kayar a aji, anka cire ta daga lakwal, ƙawayenta na gudun miyanta don an ce musu ana ɗauka, alhali ba a ɗaukar farfaɗiya. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda muke kira OMS, ta ce har kashi 70 cikin 100 na masu farfaɗiya za su iya rayuwa ba tare da faɗuwa ba in sun samu magani daidai. Akwai mai jegon da ta daina cin abinci, take kuka ba dalili, ta ƙi ɗaukar jaririnta, dangin miji na cewa taurin kai ne ko kishiya ce ta yi mata. A ƙasashe masu tasowa kusan mace 1 cikin 5 na shiga irin wanga hali bayan haihuwa, inji OMS, galibi ciwon damuwa. Ku auna wannan da yawan haihuwar da ake yi a Nijar. Akwai abokanmu na kabu-kabu da masu dakon buhu da masu kwana ban ruwa a garka, da sunka fara shan tramol don su jure aiki, yau tramol ɗin ke juya su. Wanda ya so bari a cikinsu, wa zai je wurinsa? Jandarma kaɗai ya san da zamansa. Akwai kuma waɗanda sunka ga kisa da idonsu, irin ƴan gudun hijirar da ƴan bindiga sunka koro daga jihar Sakkwato zuwa yankin Bangi a gundumar Madawa, da namu mutanen ƙauyukan bakin iyaka. An ba su gero da tabarma, Allah ya saka. Abin da ke hana su barci yana nan.

Yanzu mu zo ga kuɗi, tunda nan ne ake kauce mana.

A 2022 ofishin OMS na Afirka ya bayyana cewa gwamnatocin nahiyar, in an daidaita, ba su kashe ko rabin dalar Amurka ɗaya kan kowane mutum a shekara don lafiyar ƙwaƙwalwa, alhali abin da anka ba da shawara ga ƙasashe matalauta dalar Amurka 2 ne. A kuɗinmu, abin da ake kashewa bai wuce sefa 300 ba, wato dala sittin irin tamu ta kasuwa, ko kuɗin shayin fada na dare ɗaya bai kai ba. Abin da ake nema kuwa wajen sefa 1,200 ne, jika guda da dala arba'in. A watan Agustan shekarar, ministocin lafiya na Afirka sun taru a Lome sun amince da wani tsari na ƙarfafa wanga fanni. Tun kafin nan, a 2001 a Abuja, shugabannin Afirka sun yi alkawarin ba lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin ƙasa, alkawarin da kusan dukkansu sunka kasa cikawa. Mu ma muna da Shirin Ƙasa na Lafiyar Ƙwaƙwalwa a ma'aikatar lafiya. Takarda dai ba mu rasa ba.

Ƙidayar 2012 ta ba gundumomin nan namu uku mutum fiye da dubu 800. Da irin ƙaruwar da muke yi, yau mun haura miliyan guda ba tantama. In an bi shawarar OMS, miliyar 1 da miliyan 200 ke nan a shekara. Na san ba za a ba mu wannan gobe ba, kuma ba shi nake roƙo ba. Ni shawarata a fara da sefa 100 kan kowane mutum, dala ashirin. Miliyan 100 a shekara ga gundumomi uku. Duk wanda ya san kuɗin motar babban ma'aikaci guda ɗaya ya san wannan ba abin a ce babu ba ne.

Amma inda kuɗin zai sauka ya fi yawansa muhimmanci, kuma nan ne nake da tsoro. In an ce an ware kuɗi, abu na farko da ke zuwa kan manya shi ne gini: a aza tubali, a yanka kirtani, talabijin ta ɗauka. Mu garin siminti ne, masana'antar Malbaza tun shekarun 1960 take, mun san daɗin gini. To babban gidan mahaukata a Tawa ba zai cire sarƙa daga ƙafar ɗan baffana ba. Matsalarsa ba gado ba ce. Ƙwaya ce da zai sha kullum, da mutumin da zai duba shi wata-wata a inda zai iya zuwa da ƙafa ko da amalanke.

Hanyar yin haka sananniya ce. Tun 2008 OMS ta fito da shirin da ake kira mhGAP, wanda aka tsara don ma'aikatan lafiya da ba ƙwararrun fannin ba, irin majo da ungozomar CSI. Ana koya musu gane ciwon damuwa, da taɓin hankali, da farfaɗiya, da matsalar ƙwaya, da alamun wanda ke shirin kashe kansa. Su ba da maganin farko, su san lokacin da ya kamata su tura gaba. Magungunan kuma ba wasu sababbi ba ne masu tsada. Fenobarbital, haloperidol, amitiriptilin, kilorpiromazin, duk tsofaffin magunguna ne da ke cikin jerin magungunan dole na OMS, kuma suna cikin mafi araha a farmasi. Abin da ke kashe iyali ba kuɗin ƙwayar ba ne, kuɗin tafiya nemanta ne. Saboda haka miliyan ɗarin nan, in da ni ake tambaya, kaso mafi girma ya tafi ga cika kabad ɗin CSI da maganin da ba ya yankewa. Saura a horar da mutum biyu a kowane CSI, biyu don in an yi wa ɗaya canjin wurin aiki kada komai ya rushe. A sa ma'aikaci guda da ya karanci fannin a asibitin kowace gunduma, a ba shi moto da esansi ya riƙa zagayawa yana duba aikinsu, don horon kwana biyar da ba bibiya bayan wata shida ya zama labari. A kuma ba ƴan sa-kai na ƙauye, waɗanda muke kira rele, ɗan abin hannu su riƙa leƙa gidan da maras lafiya ya tsallake ranarsa. Su ne dai ke bi gida-gida da ɗigon foliyo da maganin rigakafin zazzaɓin damina. Sun san kowace ƙofa, har wadda ake rufewa in baƙo ya shigo.

Wasu sun yi irin wannan da abin da bai kai namu ba. A Zimbabuwe wani likita, Dixon Chibanda, ya fara tun wajen 2006 da horar da tsofaffin mata su zauna kan benci a harabar asibiti suna sauraron masu damuwa, suna taya su warware matsalolinsu ɗaya bayan ɗaya. Binciken da anka buga a 2016 ya nuna waɗanda sunka zauna da kakannin nan sun fi samun sauƙi kan waɗanda anka yi wa kulawar da anka saba. Mu da muke da fada a kowace kusurwa da tsofaffi a kowane zaure, mi ya hana mu? Kusa da mu ma, a 1954, Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarin ƙauyen Aro a Abekuta, inda marasa lafiya ke zama cikin gidajen ƙauye tare da danginsu suna karɓar magani, kuma ya yi aiki tare da masu maganin gargajiya maimakon ya kore su.

Wannan na ƙarshen ya shafe mu ƙwarai. A ƙasar Adar da Ƙonni ba wanda ke fara zuwa asibiti da irin wanga ciwo. Wurin malam ake farawa, wasu wurin boka ko ƴan bori, ko da ba za su faɗa a fili ba. Duk shirin da ya zo yana zagin malamai ya mutu tun a hanya. Ni abin da nake so in gani shi ne zama tsakanin majo da limamai da masu ruƙiyya na gari, a yarda kan abu biyu: ba duka, ba sarƙa, kuma wanda bai yi barci ba kwana da kwanaki ko yake faɗuwa, a turo shi likita, addu'a ta ci gaba. Malamai da yawa za su yarda, don su ma sun gaji da a kawo musu abin da ya fi ƙarfinsu a ajiye a zaure. Irin wanga zama ma kuɗi yake ci, ko da na goro da esansi ne.

Za a ce mana ƙasa na cikin yaƙi, kuɗi na tafiya ga tsaro. Gaskiya ne, kuma ba na raina jinin sojojinmu. Sai dai yaƙin da kansa ke ƙara yawan masu ciwon: sojan da ya dawo daga daji, matar da anka kashe mijinta gabanta, yaron da ya ga an ƙone rumbunsu. Za a ce zazzaɓin cizon sauro da tamowa sun fi kashe mutane. Shi ma gaskiya ne. Amma uwar da damuwa ta kwantar ita ce ba ta kai ɗanta awo, ita ce ba ta iya ba shi nono yadda ya kamata. Wani bincike da OMS ta jagoranta a 2016 ya ƙiyasta cewa duk dalar Amurka 1 da anka sa wajen maganin damuwa da fargaba tana dawo da 4 ta hanyar lafiya da aikin da mutane ke komawa yi. Ga ma'aikatar kuɗi ma ke nan riba ce.

Sai masu cewa a bar wa ƙungiyoyin agaji. Wanga kam ban yarda ba sam. Mun ga yadda faroje ke zuwa da farar mota da allo a bakin hanya, shekara uku ya tattara, maganin ya tafi da shi. A 2025 Amurka ta rufe hukumarta ta USAID, ayyukan lafiya da yawa a Afirka sunka tsaya cik cikin ƴan makonni. Ciwon ƙwaƙwalwa kuwa ba ya son magani mai yankewa. Wanda anka fara ba shi anka tsaya, wani lokaci ya fi wanda ba a fara ba shan wuya. Kullum muna faɗin zancen ƙasa ne, muna cewa mu dogara da kanmu. To ga wurin gwadawa. Ƙasar da ta ce ta karɓi ragamar kanta ba za ta jira baƙo ya sayo wa ƴaƴanta fenobarbital ba.

Akwai darasi kuma cikin abin da ya faru da kyautar maganin yara ƴan ƙasa da shekara biyar da anka fara a 2006. Niyya mai kyau ce, ta ceci rayuka. Amma gwamnatocin da sunka biyo baya sun yi ta jinkirin biyan asibitoci kuɗin da sunka kashe, bashi ya taru, kabad ya bushe, iyaye sunka koma sayen magani a waje da takardar kyauta a hannu. Shi ya sa sanarwa ba ta isa ba. Muna son layi guda a kasafin ma'aikatar lafiya da sunansa a rubuce, da adadin da ya tafi kowace gunduma, a lika shi a bangon asibitin gunduma inda kowa zai karanta. Kuɗin da ba shi da suna, atiliye a otel da perdiyam ke cinye shi. Ranar 10 ga Oktoba, ranar lafiyar ƙwaƙwalwa ta duniya, a buga riguna, a yi jawabi, a watse.

Ƙananan hukumominmu ma ba su fita ba. Tun Afrilun 2024 da anka rushe majalisun ƙananan hukumomi, masu riƙo ne ke tafiyar da su, kuma kasafi na hannunsu. Malbaza na da siminti, Galmi na da albasar da sunanta ya kai Abijan da Akara, Ƙonni na da iyaka da kasuwa da filin noman rani. Ana karɓar haraji a kasuwanni da tashoshin nan kowace rana ta Allah. Esansin moto ɗaya da maganin CSI biyu ko uku bai fi ƙarfin wata ƙaramar hukuma a cikinsu ba. Ba sai an jira Yamai ba kafin a fara.

Ga abin da nake roƙon kowace fada ta yi cikin watan nan. Mutum biyu su je CSI ɗin unguwarsu, su gaida majo da ladabi, don shi ma a matse yake, ba shi ya hana ba. Ku tambaye shi ko akwai maganin farfaɗiya da na taɓin hankali a kabad yau, yaushe rabon da ya yanke, ko akwai wanda ya samu horon mhGAP a cikin ma'aikatansa, kuma ina yake tura maras lafiya in ya zo. Kada ku ɗauki hoton kowane maras lafiya, kada ku rubuta sunan kowa, ko na majo. Sunan gari da amsa kawai za ku turo mana ta saƙo. In mun haɗa na gundumomin uku, za mu rubuta shi a takarda ɗaya mu kai wa shugaban likitocin kowace gunduma da masu riƙon ƙananan hukumomi da ofishin lafiya na jaha a Tawa, kafin su rufe kasafin baɗi. Masu zuwa ƙauye ganin gida, ku haɗa da ƙananan ɗakunan shan magani na can, don a nan ne munka fi ƙarancin labari.